GILASHIN CIKIN IDO: SHIN YARON NE BAI ISA BA, KO KUWA GIDAN NE BAI SHIRYA BA?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar buƙata ta shigo gidajen ma'aikata a Gusau, irin wadda iyayen jiya ba su taɓa jin labarinta ba, balle su tanadi amsarta. Yarinya ce 'yar shekara 15 ko 16, wadda likita ya rubuta wa tabarau tun tana firamare, za ta jira mahaifinta ya dawo daga ofis ya huta, sa'an nan ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah a saya mini irin wanda ake sawa a cikin ido, na gaji da wannan." Ko kuwa saurayi ne mai sha'awar ƙwallon ƙafa, wanda ya karya tabarau biyu cikin zango guda, ya ga cewa da zai sami wanda ba ya faɗuwa, da ya huta, aljihun mahaifinsa ma ya huta. Abin da suke nufi shi ne ɗan gilashin nan mai laushi, wanda faɗinsa bai wuce na farce ba, da ake ɗorawa bisa baƙin ido ya zauna a kan hawaye, watau wanda 'yan zamani ke kira kwantak.

Galibin iyaye amsa biyu gare su. Wasu kan ce a'a nan take, don ba su ga dalilin da zai sa mai hankali ya cusa wani abu cikin idonsa ba. Wasu kuwa kan ce wa yaron ya bari ya ƙara girma, kamar dai akwai wata shekara da in an kai ta ido zai daina kamuwa da ciwo. Duka amsoshin biyu sun kauce wa ainihin maganar. Shekaru ba su ne ma'auni ba. Abin da ya kamata a auna shi ne halin yaron, da irin ruwan da ke gidan, da kuma nisan da ke tsakanin gadonsa da likitan ido. A Jihar Zamfara kuwa, biyun nan na ƙarshe sun fi na farko wuyar samu.

Shi dai wannan gilashi ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun cikin 1888 wani likita mai suna Adolf Fick ya gwada shi a birnin Zurich, amma na ƙwalba ne mai nauyi, ba a iya daɗewa da shi. Irin mai laushin nan da ake yayi yanzu, wani masanin kimiyya ne mutumin Cekoslobakiya, Otto Wichterle, ya fara ƙera shi a gidansa cikin 1961, da wata na'ura da ya haɗa daga kayan wasan yara. Cikin 1971 aka fara sayar da shi a Amurka. Yau miliyoyin mutane na sa shi lafiya lau, har da yara ƙanana. Hasali ma cikin 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'i mai suna MiSight domin yara 'yan shekara 8 zuwa 12, don rage saurin ƙaruwar matsalar kasa ganin abin da ke nesa. Saboda haka wanda ya ce abin haramtacce ne ga yaro a likitance, bai faɗi daidai ba.

Akwai ma wani abin mamaki da binciken likitocin ido ya nuna, wanda ya kamata iyaye su tsaya su yi nazari a kansa. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 masu sa wannan gilashi ba su fi manya kamuwa da ciwon ido ba. Waɗanda suka fi faɗawa cikin haɗari su ne samari da 'yan mata daga ƙarshen sakandare zuwa shekarun jami'a. Dalili kuwa a fili yake. Ƙaramin yaro uwarsa na tsaye a kansa safe da dare, ita ke tuna masa ya wanke hannu, ita ke duba ko ya cire kafin ya kwanta. Matashi kuwa ya fita daga ƙarƙashin idon uwa, ya shiga ɗakin kwanan ɗalibai, yana karatun dare har barci ya sace shi a kan littafi, kuma yana ganin ya san kome. Ashe ke nan shekarun da iyaye ke cewa a bari yaro ya kai, su ne ma shekarun da suka fi bukatar sa ido.

Domin a gane dalilin wannan tsoro, wajibi ne a san yadda Allah ya yi idon ɗan Adam. Fatar nan garai-garai da ke rufe da baƙin ido, wadda haske ke ratsawa ya shiga ciki, ba ta da jijiyar jini ko guda. Da tana da ita, da ba a gani ta cikinta. To, tun da jini ba ya zuwa mata, iskar da take rayuwa da ita daga sarari take samu, ta hanyar hawaye. Duk abin da aka ɗora a kanta, kome kyawunsa, yana rage mata wannan iska. Da rana, ido a buɗe, tana jurewa. In aka yi barci da gilashin, fatar ido ta rufe, ga kuma gilashi a tsakani, sai ta galabaita, ta yi ƙananan tsaguwa da mutum ba zai gani ba, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da gilashin yana ninka haɗarin kamuwa da ciwo sau 6 zuwa 8. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Pseudomonas, wadda kan iya cinye wannan fata cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira da idonsa ma, sau da yawa yakan tashi da hakiya, farin tabon nan da ke zama a tsakiyar ido har abada, wanda babu tabarau da zai gyara shi.

To, sai maganar ruwa, wadda ita ce gaɓar da ta fi shafar mutanen jihar nan. Ƙa'ida ta farko da likita zai gaya wa mai sa wannan gilashi ita ce, kada ruwa ya taɓa shi. Ba ruwan rafi ko na tafki kaɗai ake nufi ba; har na famfo, da na rijiyar burtsatse, da na leda da ake sha. Akwai wata ƙaramar halitta mai suna Acanthamoeba da ke zaune cikin ruwa da ƙasa a ko'ina a duniya. In an sha ta ba ta yin kome, amma in ta maƙale tsakanin gilashi da ido, takan haddasa ciwo mai tsananin raɗaɗi wanda maganinsa ke ɗaukar watanni, kuma ko a ƙasashen da suka ci gaba yakan gagari likitoci. Ta fi yawa a ruwan da aka tara ya kwana, kamar na tanki da randa. Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru a Gusau lokacin bazara ya san daga ina ruwan gidaje da yawa ke fitowa: daga jarkokin 'yan ga-ruwa zuwa duro, daga duro zuwa buta. Ba laifin kowa ba ne a gidan, haka aka samu. Amma yaron da zai wanke hannunsa da wannan ruwa, dole ne a ce yana da sabulu, yana kuma da tawul mai tsabta da zai busar da yatsunsa ƙaraf kafin ya kai su ido. Haka kuma sau biyar a rana zai wanke fuska wajen alwala, sai ya koyi runtse ido sosai kowane karo, ya kuma cire gilashin kafin ya shiga wanka. Wannan ba abu ne da ake yi sau ɗaya a wuce ba. Kullum ne, har ranar da aka makara, har ranar jarrabawa.

A makarantar kwana kuwa abin ya fi haka tsanani. Ɗalibi na tashi da asuba cikin duhu, sau da yawa babu wuta, ga layin ɗibar ruwa, ga ƙararrawa na kira. A ina zai sami madubi da haske da natsuwar da zai sa gilashi a ido ba tare da ya faɗi ƙasa ba? In kuwa ya faɗi, abin da yaro zai yi sananne ne. Zai ɗauka ya hure, ko ya ɗauraye da ruwan buta, ko ma ya sa a baki ya lashe, ya mai da shi ido, domin ya san nawa mahaifinsa ya kashe, ba ya kuma so a ce ya yi sakaci.

Bayan ruwa sai ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busawa, hazo ya rufe gari, iska ta bushe har leɓe na tsagewa. Hawayen da gilashin ke shawagi a kai yakan ƙafe da wuri. Ƙwayar rairayi guda da za ta shiga idon wanda ba ya sa kome, ƙiftawa biyu ta fitar da ita. In ta shige ƙarƙashin gilashi kuwa, sai ta yi ta gurzar ido kamar yashi a cikin takalmi. Yaron da ke hawan babur daga Bungudu zuwa makaranta, ko wanda ke taimakon iyayensa wajen sussuka da shiƙa a ƙauyukan Tsafe lokacin kaka, ko yarinyar da ke tsugune gaban murhun itace, duk suna cikin yanayin da masu ƙera gilashin ba su yi tunaninsa ba. Bugu da ƙari, akwai ciwon ƙaiƙayin ido da ya yawaita a tsakanin yaran Arewa, wanda ke mai da farin ido ya koma ruwan ƙasa, yaro ya yi ta murza. Mai irin wannan ido ba a ɗora masa gilashi sai an fara magance ƙaiƙayin. Su kuma 'yan mata ga kwalli ko tozali, wanda ake zizarawa daidai bakin fatar ido, garinsa na zuba ciki.

Abu na uku shi ne hanya, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Likitoci sun ce in mai sa gilashi ya ji zafi, ko idonsa ya yi ja, ko ya ga haske na damunsa, ko gani ya dushe, to ya cire nan take, ya ga likitan ido a ranar, kada ya bari sai gobe. Wanda ke zaune a cikin Gusau na iya kai kansa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. To, ɗalibar da idonta ya tashi da daddare a wani ƙauye na Tsafe fa? Tafiyar kusan sa'a guda ce daga garin Tsafe zuwa Gusau, kuma kowa ya san cewa saboda matsalar tsaron da ta addabi yankin, ba kowane lokaci ne mutum ke kama hanyar ba. Abin da kan faru shi ne a nufi kantin magani na kusa, a sayo ɗigon ido. Nan kuwa wani ramin yake, domin da yawa daga cikin magungunan da ke kwantar da jan ido da sauri suna ɗauke da sinadarin da ake kira siteroyid. Shi wannan yana ɓoye alamar ciwo, ido ya yi fari kamar ya warke, alhali ƙwayar cutar na ƙara samun sarari. In aka daɗe ana ɗiga shi kuma yakan jawo hawan jinin ido. Ba a ma zancen masu ɗiga ruwan sukari ko nonon uwa ko ruwan ganye. Ciwon da ya yi nisa kuwa sai an dangana da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, da duk abin da wannan ke nufi ga ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata.

Saboda haka uban da ɗansa ya zo masa da wannan buƙata, maimakon ya tambayi shekarunsa, gara ya duba abin da ya riga ya sani game da shi. Yaya yake riƙon tabaraun da ke hannunsa, yana goge shi ya sa a gidansa, ko kuwa kullum ana nemansa a ƙarƙashin katifa? Yana yanke farce ba sai an yi masa magana ba? In likita ya ba shi maganin kwana bakwai, yana shanyewa ko kuwa da ya ji sauƙi ya watsar? Wa ma ke son gilashin, shi ne ko kuwa abokansa? Amma tambayar da ta fi duka nauyi ita ce wannan: in ya yi kuskure, yana faɗa? Yaron da ya kwana da gilashi ya tashi da jan ido, ya zo ya ce, "Umma, na yi laifi, idona na ciwo," wannan za a ceci idonsa. Wanda tsoron faɗa zai sa ya ɓoye har kwana uku, shi ne ke cikin haɗari, ko da shi ne ke zuwa na ɗaya a ajinsu. A nan kuwa akwai abin da ya rataya a wuyan iyaye. Gidan da ake dukan yaro in ya fasa kofi, da wuya a ji gaskiyar abin da ya sami ido da wuri.

Sai kuɗi. Tabarau sau ɗaya ake saye a yi shekara biyu ko fiye. Gilashin cikin ido kuwa kamar kuɗin wuta ne, ba ya ƙarewa. Akwai na yini guda, wanda ake sawa da safe a jefar da dare, shi ne kuma ya fi dacewa da matashi a irin wannan ƙasa, domin babu wanki babu ajiya; amma shi ya fi tsada. Akwai na mako biyu da na wata guda, waɗanda ke buƙatar ruwan magani na musamman da ake sabuntawa kowane dare, da ɗan gidan ajiya da ake sakewa duk bayan wata uku. Dukansu daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun daga watan Yuni na 2023. Illar ita ce, in aljihu ya yi rauni, sai a fara dabara: na yini guda a kai shi mako, na wata a kai shi zango, ruwan maganin jiya a ƙara masa kaɗan a kai. Wanda ba zai iya ɗaukar nauyin abin har ƙarshen shekara ba, ya fi masa alheri kada ya fara. Ko an fara ɗin ma, dole tabarau ya kasance a aljihu, don ranar da ido ya ƙi.

Duk wannan bayani ya shafi yaron da likita ya auna ne. Akwai kuma wata kasuwa da ta fi wannan girma, wadda ba ta bi ta gaban likita ko kaɗan, watau gilashi mai launi da ake sawa don ado. Ana tallarsa a Instagram da TikTok da WhatsApp, ana sayar da shi tare da jan baki da gashin ido na kanti, ana sa wa amare da ƙawayensu ranar kamu don ido ya fito ruwan toka ko ruwan zuma a hoto. Mai sayarwa ba ta auna faɗin ido ba, alhali idanu sun bambanta kamar yadda ƙafafu suka bambanta. Wanda ya matse yakan shaƙe ido, wanda ya yi sako-sako yakan goge shi. Mafi muni shi ne aron juna, a cire daga idon wannan a sa wa waccan. Araha dai ba ta ado. A Amurka tun 2005 doka ta sa kowane irin gilashin cikin ido, har wanda ba ya gyara gani, cikin jerin kayan asibiti da ba a sayarwa sai da takardar likita. A Nijeriya akwai hukumar rajistar masu awon ido da masu haɗa tabarau, wadda Dokar Soja mai lamba 34 ta 1989 ta kafa, akwai kuma NAFDAC mai kula da magunguna da kayan asibiti. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta haɗa kai da su, a fara da wayar da kan masu kwalliyar amare, domin yawancinsu ba mugunta ke sa su ba, rashin sani ne.

Kada kuma a ɗauka cewa ado ne kawai ke kai mutum ga wannan gilashi. Akwai yaran da shi ne maganinsu. Wanda fatar baƙin idonsa ta yi tsini kamar ƙoƙon mazurari, abin da yawan murzar ido ke taimakawa wajen jawowa, tabarau ba ya isarsa, sai gilashi mai tauri. Haka wanda ƙarfin idonsa na dama ya yi nisa ƙwarai da na hagu. Irin waɗannan, in likita ya ba da shawara, bai kamata tsoro ya sa iyaye su hana ba. Sai dai a gyara gidan ya dace da abin.

Amma fa in za a faɗi gaskiya, yaran da ke wannan muhawara da iyayensu 'yan kaɗan ne, 'ya'yan masu albashi. A kowane aji a Bungudu ko Kwatarkwashi ko Tsafe, da wuya a rasa yaron da ke zaune a baya yana ƙanƙance ido, ba ya ganin abin da malam ya rubuta a allo, yana kwafa daga littafin maƙwabcinsa, ana kiransa daƙiƙi, alhali ba a taɓa auna idonsa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abin da za a iya kaucewa ne ko a magance. Ya kuma nuna cewa rashin tabarau shi ne kan gaba wajen jawo raunin gani wanda bai kai makanta ba. Wani ɓangare na masu tabaraun ma ba sa sawa, saboda ba'ar abokai, da kuma camfin nan cewa tabarau na ƙara kashe ido, wanda ba shi da tushe. Sau da yawa yarinyar da ta ce ta gaji da tabarau, ba nauyinsa ne ya dame ta ba, sunan da aka laƙaba mata a aji ne. Uban da ya gano haka, wataƙila sabon firam mai kyau da 'yar magana da shugabar makaranta su wadatar.

Awon farko kuwa ba ya buƙatar na'ura. Allon haruffa ne ake ratayawa a bango, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya karanta da ɗayan. Malamin aji na iya koyon wannan cikin yini guda, ga kuma ɗaliban kwalejin koyon aikin lafiya ta Tsafe da ke neman wurin gwajin aiki. Abin da ya rage shi ne Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya su zauna su tsai da mako guda a zangon farko na kowace shekara, a auna duk ɗalibin da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, a rubuta sunayen waɗanda suka kasa karanta layin da aka ƙayyade, a tura su Gusau rukuni-rukuni a motar makaranta.